Ban ruwa da man gyaɗa: inda maƙera suke tuntuɓe

Maƙerin da ya bar baƙin man mota ya koma man gyaɗa wajen ba ƙarfe ruwa, wato tsoma shi da zafinsa don ya taurare, ya yi wa ƙirjinsa gata. Hayaƙin baƙin mai guba ne, man gyaɗa kuwa ba ya saurin kama wuta. Sai dai in wuƙa ta tsage ko ta ƙi kaifi, kafin ka koma kasuwar Muda Lawal ta Bauchi neman wani man, duba hannunka tukuna.

Aiki da man da ya yi sanyi shi ne kuskuren farko. Da safiyar hunturu a Bauchi man gyaɗa kan yi kauri, manja ma daskarewa yake, kuma mai mai kauri ba ya kwashe zafi da sauri. Gasa guntun ƙarfe ka jefa ciki har man ya kai digiri 50 zuwa 60 na ma'aunin Celsius, yadda yatsa zai taɓa amma ba zai daɗe ba.

Wanda ya fi ɓarna shi ne ruwa. Man masu ƙuli da ruwan zafi ake murzo shi, kuma ragowar ruwan kan kwanta a gindin bokiti. Bakin adda na isa can sai ka ji ƙas, aikin yini ya tafi. Ɗora man a wuta har ya daina tartsatsi, ka tace, sannan ka yi aiki da shi. Bokitin ya zama na ƙarfe mai murfi, man kuma da yawa. In ya kama wuta rufewa ake yi, ba a watsa ruwa.

Wasu kuma kan manta cewa ba kowane ƙarfe yake karɓar ruwa ba. Wanda masu walda suke ƙofa da taga da shi kabon ɗinsa kaɗan ne, ba zai taurare ba. Nemi sifirin na tsohuwar mota.

Kada ka yarda da ido a tsakar rana wajen gane zafin ƙarfe, gwada da mayen ƙarfe. Mayen ƙarfe yana sakin ƙarfe a digiri 770. In ya saka, ƙara zuga kaɗan, ka tsoma a tsaye, kana yin sama da ƙasa. Kaɗawa gefe da gefe ke lanƙwasa wuƙa.

In magagari ya zame bai ci ba, ta taurare, amma tana iya karyewa kamar kwalba. Sake ɗumama ta wajen digiri 200, har bakin ya yi launin busasshen kara.

Man da ya fara yauƙi da warin tsufa kuma ya gama aiki, a sake sabo.