Yadda ake zaɓar kifin panla a Sakkwato, a yi masa bandar da ba zai watse a miya ba

Mata da yawa sun daina sayen panla don ya taɓa narke musu a tukunya, suka ɗebo ƙaya zalla. Kifin ba shi da laifi, halinsa ne ba a sani ba. Ba ɗan gulbin Rima ba ne kamar tarwaɗa da karfasa. Gidansa arewa maso gabashin tekun Atlantika, yawanci a zurfin mita 300 zuwa 400, cikin duhu da sanyi, inda yake cin ƙananan jatan lande, da dare ya ɗan taso sama. Kitsensa a hanta yake taruwa, shi ya sa tsokarsa fara ce, ba maiƙo, kuma da wuri take saki.

Fara da gane shi, domin sunan panla ya haɗa kifi fiye da ɗaya. Wanda nake nufi shi ne ƙaramin, ɗan dangin wani babban kifin teku da ake kira kod, wanda ake rubuta blue whiting a kwalinsa. Tsawonsa bai cika wuce santimita 30 ba, siriri ne, idonsa babba, bayansa toka-toka mai ratsin shuɗi, cikinsa fari. Kifa shi a tafin hannu ki ƙirga fiffiken gadon bayansa: uku ne, da tazara tsakaninsu. In kin ga biyu, gajere da dogo, wani kifin ne.

Sai zaɓa, kuma nan ne aikin yake. A watannin Maris da Afrilu kifin nan kan yi dafifi a tekun da ke yamma da ƙasar Ailan don zuba ƙwai, jiragen Norway da Rasha da Aisilan da wasu ƙasashen Turai su ja shi da ƙaton taru. A 2004 an kama fiye da tan miliyan 2. Yawancinsa niƙa shi ake yi ya zama abincin kifin kiwo da dabbobi. Wanda ke zuwa mana kuwa, tun a cikin jirgin ruwa ake daskarar da shi. Daga Legas kuma sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota, ya iso garin da zafinsa kan haura digiri 40 da bazara. Don haka ki je kasuwa da sassafe, lokacin da ake fasa kwali. Ki ce, "Malam, ba ni na tsakiya." Ya zama tauri kamar itace, kowanne miƙe sambal. Wanda ya lanƙwashe, cikinsa ya fashe, ko kika ga jan ruwa ya daskare a gindin kwali, ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. Ko an rage miki kuɗi, ki bar shi.

A gida kada ki shanya shi a rana, kada ki zuba masa ruwan zafi. Saka shi a leda, ki tsoma cikin ruwan randa. Tun yana da sauran ƙarfi ki tsaga cikin, ki fitar da hanji, ki murje baƙar fatar nan da ke shimfiɗe a ciki da babban yatsa. Wanke da lemun tsami sau ɗaya ya isa.

Barbaɗa gishiri ciki da waje, ki jera a kwando na rabin awa ya tsane. Gishirin ne ke ɗaure tsokar, kada ki tsallake wannan.

Yanzu ki lanƙwasa shi, wutsiya ta shiga baki, ki soke da tsinke. Ɗora a ragar waya a kan garwashin da ya daina ci da wuta, ki zuba ɗan ɓawon gyaɗa don hayaƙi. Wuta mai harshe ƙona fatar take yi ta bar cikin ɗanye. Kada ki taɓa shi sai fatar ta bushe ta saki wayar da kanta, sannan ki juya. Idan ya yi ja kamar manja kuma kin danna bai lotsa ba, ya yi.

Miyar sure ce ko ta kuka, sai ta kusa sauka za ki ɓare shi, ki zare ƙashin tsakiya, ki zuba. Minti biyar, kuma kada ki bi shi da maburgi.