Yadda Za Ka Saurari Marvin Gaye Har Ka Gane Shi

In kana so ka san Marvin Gaye, mawaƙin nan na Amurka, don Allah kar ka fara da labarin mutuwarsa, nan mutane da yawa ke tsayawa.

Fara da waƙoƙin da ya yi da Tammi Terrell a kamfanin waƙa na Motown. Sa iyafis, ka ji yadda muryoyinsu ke bin juna kamar masu hira. A 1967 ta yanke jiki ta faɗi a hannunsa suna kan dandali, ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwarta, ta rasu 1970, shi kuma ya daɗe bai sake hawa dandali ba.

Sai ka wuce kan album ɗin What's Going On na 1971, amma fa ka ji shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, kar ka riƙa tsallake, domin waƙoƙin a manne suke da juna kuma labaran da ƙaninsa Frankie ya dawo da su daga yaƙin Biyetnam suna ciki. Ni dai a ganina nan ya fi.

Bayan nan ne za ka karanta sauran: hodar iblis, bashin haraji, auren da ya mutu sau biyu, zaman da ya yi a Ostend ta Beljiyam a 1981 yana neman dawowa hayyacinsa, har ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy guda biyu a 1983.

Ranar 1 ga Afrilu 1984 mahaifinsa ya harbe shi a Los Angeles, saura kwana ɗaya ya cika 45.