Yadda za ka koyi nahawun Turanci daga jimlolin da ake amfani da su kullum

Akwai ɗalibin da zai haddace dokokin nahawu kaf kafin jarrabawar WAEC, amma da an ce ya rubuta takardar neman aiki sai ka ga "I am in Kano since 2019". Ba rashin karatu ba ne. "Ina Kano tun 2019" daidai take a Hausa, shi kuma ya ɗauko ta yadda take ya sa mata rigar Turanci. Maganin wannan shi ne ka riƙa ganin jimlar a inda take aiki.

Da farko, zaɓi abu ɗaya tak. Mu ɗauki "since" ɗin nan.

Sai ka sami littafin rubutu, ka buɗe Daily Trust ko shafin Turanci na BBC, ka yi farautar jimloli goma masu wannan kalma. Kwafe kowace jimla sukutum, da hannunka. Ɗaukar hoto da waya ba ya zaunar da komai a ka.

Mataki na uku shi ne inda aikin yake. Ja layi a ƙarƙashin abin da ya zo kafin kalmar da wanda ya biyo ta. A ce ka samu "Nigeria has been under civilian rule since 1999". Kafinta akwai "has been", bayanta kuma shekarar da abin ya fara. Duba sauran taran, za ka ga "have" ko "has" na ta maimaituwa, kuma bayan "since" sai shekara ko rana ko wani abu da ya faru. Idan tsawon lokaci ake nufi, kamar shekara uku, sai ka ga "for" ta karɓi wurin: "for three years". Ka ga ka ciro dokar da kanka. Wata jimlar za ta ƙi shiga sahu, irin su "Since you are here, let us start". Kada ka yar da ita, wannan "tunda" ce tamu, ka ba ta shafinta daban.

Na huɗu, gwada dokar taka a babban rumbu. COCA, wani rumbun rubutun Turanci a intanet wanda masanin harshe Mark Davies ya haɗa, yana ɗauke da kalmomin Turancin Amurka sama da biliyan 1, daga jaridu da littattafai da maganar baka. Ka rubuta kalma, ya jero maka jimloli. YouGlish kuma zai kawo maka mutane suna faɗarta a bidiyon YouTube, sai dai yana cin data. Google ban cika yarda da shi a nan ba, don kuskuren wasu ma fito da shi yake.

Daga nan rubuta jimloli biyar a kan rayuwarka: tun yaushe kake unguwarku, shekara nawa kana sana'arka. Karanta su da ƙarfi, ka kai wa malami ko wanda ya fi ka ya duba.

Mako mai zuwa ka koma kan "borrow" da "lend". Mu "ara" ɗaya gare mu, shi ya sa "borrow me your pen" ta cika ajujuwa, alhali mai bayarwa "lend" yake yi. Bayansu sai "I am having a car", wadda "ina da mota" ta haifa.