Yadda ake mayar da filin da aka haƙe ya zama wurin kiwo

A bayan garin Zariya akwai filaye da dama da tifofi suka kwashe musu marmara da yashi, masu bulo suka ɗebe jar ƙasa, aka bar ramuka. Abin da mutane ke fara yi shi ne su sayo dashen bishiyar turare su kafa, kafin watan Maris duk ya bushe. A ganina bishiya ce ta ƙarshe a wannan aiki. Ruwa ake fara tsarewa, sannan ciyawa.

Da farko ka san abin da aka haƙa a wurin. Ramin marmara ba shi da guba, amma in an taɓa wanke zinare, kai ƙasar a gwada, misali a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, kafin dabba ta sa baki. Gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kuma ba ta barin ƙasa don an yi damina. In kamfani ne ya haƙa, dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora masa gyara wurin.

Aikin ƙasa da rani ake yinsa. A zaftare bakin ramuka su kwanta yadda saniya za ta sauka ta hau ba ta karye ba. Rami mafi zurfi a bar shi kududdufi, wurin shan ruwa ne kyauta. Inda tayar mota ta danne ƙasa ta yi tauri, a fasa da diga ko garmar tarakta, a yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Duwatsun da aka tsince a jera su layi-layi su riƙa rage gudun ruwa.

Sai taki. Ka shirya da Fulani su yi mashekari a filin, suna matsar da shanun bayan 'yan kwanaki. Kashin shanu yana zuwa da irin ciyawa da ƙwallon gawo da bagaruwa waɗanda cikin dabba ya riga ya tausasa. Ka shimfiɗa karan dawa inda ya fi zama faƙo. Gara za ta taru a kai, kada ka kore ta, hudojin da take yi ne ruwa zai bi ya shiga ƙasa.

Shuka sai damina ta kankama, wajen watan Yuni. Gamba ce uwa, don tana jure ƙasa maras ƙarfi da fari. Irinta ba nauyi, in ka binne shi da zurfi ba zai fito ba, watsawa ake yi a ja ƙaya a kai. Dasa saiwarta ma ya fi saurin kamawa. Haɗa da kyasuwa mai saurin rufe ƙasa, da stailo, wani tsiro dangin wake mai ƙara wa ƙasa ƙarfi, a sa ɗan takin zamani na supa. Bakin zaizaya kuwa jema ake dasawa. Neman iri da shawara, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI tana nan Shika.

Daminar farko ko akuya ɗaya kada ta shiga, kuma nan ne yawanci aikin ke rushewa. Shingen ƙaya kaɗai ba ya isa, sai an zauna da mai unguwa da arɗo an yi magana. Da kaka a yanki ciyawa a ba makiyayan da suka kiyaye, a bar wata ta zubar da iri, a share gefen filin tun Nuwamba saboda gobarar daji. Shekara ta biyu a raba filin kashi-kashi, a riƙa fitar da dabbobi tun ciyawa tana da saura kamar taƙi ɗaya.

Bayan ciyawa ta kama ne lokacin bishiyoyi, ɗorawa da kirya da magarya da kalgo, a dasa su rukuni-rukuni. Kusurwa guda kusa da kududdufin a bar ta ta yi duhu, ba kiwo ba sara, makwarwa da zabin daji da zomo za su samu mafaka. A haɗa da 'yan farauta a zaman da za a yi da arɗo, don su ne suka fi cinna wa irin wannan wuri wuta.