Kada ku narka kwasetin ɗinku a kwalba guda

'Yan'uwa ɗalibai masu auna filabonoyid (wasu sinadarai da ake samu a tsirrai) a ganyen zogale ko yakuwa nan Garwa da Marwa, ga shawara.

Idan kun narka kwasetin (filabonoyid ɗin da ake gwada awo da shi) cikin metanol (ruwan sinadarin da ake narka shi a ciki), ku raba shi a ƙananan kwalabe masu duhu, ku sa a firiza. Kwalba ɗaya za ku ciro kowace rana.

Haske da iska da zafi suna lalata shi, ga kuma zafin Afirilu a nan. Yawan buɗe kwalba ma yana sa metanol ya tsere, haɗin ya yi kauri, lissafinku ya karkace. Kuɗin kwasetin ba kaɗan ba ne.

Ba kwalba mai duhu? Ku naɗe ta da takardar alminiyam.

Amma idan wuta ta ɗauke kwana biyu, kada ku yarda da wanda ke cikin firiza. Ku auna garin kwasetin, ku haɗa sabo.