Yadda ake amfani da kalmar "comprehensive" daidai

Comprehensive sifa ce ta Turanci da ake ba abin da ya game komai, bai bar wani ɓangare a baya ba. Da Hausa sai a ce gamamme. Gaɓoɓinta huɗu ne, com-pre-hen-sive, kuma a kan "hen" ake ɗora nauyin murya.

Kafin ka rubuta ta, fara ƙirga ɓangarorin abin da kake magana a kai. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23. Idan ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya raba takardun tambayoyi a Wamakko da Kware da Boɗinga kaɗai, sannan ya kira aikinsa "a comprehensive survey of Sokoto State", malamin da ke duba aikin zai tambaye shi ina Illela, ina Isa, ina Tambuwal. Ko shafi 200 ya cika, kalmar ba ta dace ba, domin faɗi take aunawa, ba zurfi ko yawan shafuka ba. Wanda ya tono abu guda har gindinsa, "detailed" ko "thorough" ya kamata ya sa.

A jimla, gaban suna take zuwa, da "a" ba "an" ba: "a comprehensive list of schools", "a comprehensive guide to farming". Lura cewa list na tafiya da "of", guide kuma da "to". In aikatau (verb) za ka siffanta, sai ka ce "comprehensively".

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne rikita ta da 'yan uwanta biyu. "Comprehensible" na nufin abin da ake iya fahimta, "comprehension" kuwa fahimtar ce kanta, wato sashen nan na jarrabawar WAEC da NECO da ake karanta labari a amsa tambayoyi. Rahoto na iya game komai amma ya gagari mai karatu.

A inshorar mota kuwa, kuskuren kuɗi yake ci. Ta "third party", wadda hukumar kula da harkar inshora ta Najeriya, NAICOM, ta mayar naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. "Comprehensive" ta haɗa da motarka: haɗari, gobara, sata. Kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Duk da sunan, karanta jerin abubuwan da aka cire kafin ka sa hannu. Lalacewar inji saboda tsufa ba ta ciki.