Yadda za a koyar da matsayin Albaniyawa a tsohuwar Yugoslabiya

Malamin tarihi a Tawa da zai gabatar da wannan darasi ya kamata ya fara da taswira a kan allo, domin ɗalibin da bai ga iyakoki da idonsa ba zai ɗauka rikicin addini ne kawai tsakanin Musulmi da Kirista. A zana jamhuriyoyi shida: Slobeniya, Kuroshiya, Bosniya, Sabiya, Montenegro da Masadoniya, sannan a cikin Sabiya a shata lardin Kosobo, inda Albaniyawa suka fi yawa, da alli mai wani launi, a ɗiga wuraren da Albaniyawa suke zaune a yammacin Masadoniya. A tuna wa ɗalibai cewa iyakar da aka shata a 1913 ce ta bar waɗannan mutane a wajen Albaniya. Suna iya tuno Ƙonni da Illela, amma kada malam ya ja misalin da nisa.

Daga nan sai a shiga zuciyar darasin. Ƙidayar 1981 ta nuna Albaniyawa sun kai kusan miliyan 1.7, wato sun fi Masadoniyawa yawa, sun kuma ninka mutanen Montenegro, amma waɗancan suna da jamhuriya, su kuwa lardi kawai aka ba su, bisa hujjar cewa suna da tasu ƙasar uwa a maƙwabtaka. Tsarin mulkin 1974 ya ba Kosobo majalisa da kujera a shugabancin tarayya, har Ba'albane Sinan Hasani ya jagoranci Yugoslabiya daga 1986 zuwa 1987, sai dai sunan jamhuriya bai samu ba. A ganina, nan ne ya cancanci rabin lokacin aji.

Sauran a bi shi da sauri: zanga-zangar ɗaliban jami'ar Piristina, babban birnin Kosobo, a 1981, inda aka nemi lardin ya zama jamhuriya, soke ƴancin lardin da shugaban Sabiya Milosebic ya yi a 1989, makarantun da Albaniyawa suka buɗe a gidaje ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Rugova, jagoran Albaniyawan Kosobo, hare-haren ƙungiyar tsaro ta OTAN a kan Sabiya a 1999, da shelar ƴancin kan Kosobo ta 17 ga Fabrairu 2008, wadda Sabiya ba ta amince da ita ba. Dole a faɗi dalilin Sabiyawa ma, waɗanda tsofaffin majami'unsu da fagen yaƙin 1389 suke Kosobo. A raba ajin gida biyu, kowane ɓangare ya kare matsayi ɗaya game da buƙatar 1981 ta zama jamhuriya.